Ta Gudu, Ta Yi Gudu

Tun da 'yan matan unguwarmu suka fara fita motsa jiki da safiyar Lahadi na rasa zama wuri ɗaya. Ƙarar takalmansu nake fara ji a kan kwalta kafin in gan su, sai in ajiye kofin shayi in fito bakin ƙofa. Sukan wuce a jere, hijabi a sama, wandon wasa a ƙasa, ba sa kallon kowa. Amma akwai teburin mai shayi a kwanar layinmu, mazan da ke zama a wurin kuwa ba su taɓa bari an wuce su haka nan ba. Ɗaya ya ce, "Kai, 'yan mata, wa ya koro ku?" Wani ya ce, "Ku bi a hankali, mazan aure ba su ƙare ba." Sai dariya. Babu mugu a cikinsu. Na san iyayensu mata, wasu ma na ci tuwon sunansu. In ka tambaye su za su rantse wasa suke yi, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai idan samari suka biyo baya, su ma a guje, abin da ke fitowa daga teburin nan ɗaya ne: "Sai mazaje!" Ni kuwa in koma ciki in zauna, in tarar ƙafata ta dama tana kaɗawa ita kaɗai, wannan ƙafar da likita ya ce gwiwarta ta cinye.

Unguwar New Bell da na tashi a ciki ba wannan ba ce. Gidajenmu na katako ne, waɗanda muke kira karabot, rufin kwano, lungunan yashi, kowace kwata an ɗora mata falanki ɗaya da ke lanƙwasa in an taka. Da asuba ladan ne, bayansa ƙararrawar cocin maƙwabta, bayanta ƙugin jirgin ƙasa, daga nan sai taɓare da turame da rigimar layin famfo. Bango ba ya ɓoye magana a gidan karabot. In an yi tari a ɗakinku, maƙwabciya ce za ta ce miki sannu. Yanzu benaye sun tsaya inda yashin yake, shaguna sun ci rabin hanya, masu babur ɗin haya da muke kira bensikin sun cinye sauran. Ba a aiken yaro da abinci kasuwa kuma. Waya ake bugawa, mai bensikin ya zo ya rataya leda ya tafi. Ban ce da ya fi yanzu ba. Abin da na sani shi ne a da akwai wurin da ƙafa za ta miƙe.

Kai wa Baba abincin rana shi ne aikina. Yadi yake sayarwa a babbar kasuwa, kuma mutum ne da zai yafe maka komai ban da abinci mai sanyi. Ana tashinmu daga lekol, wato makarantar boko, da tsakar rana, in iso gida in tarar Inna ta zuba shinkafa da miyar manja a samira, ta ɗaure ta da tsohon ɗankwali. In naɗa gammo, ta ɗora min, ta ce, "Kafin a kira Azahar." Tsakanin gidanmu da rumfar Baba akwai lunguna, da layin dogo, da kwatoci, da masu tura amalanke. A nan na koyi wani irin gudu da ban ƙara ganin mai yin sa ba. Ƙafa ce ke aiki, wuya bai san ana yi ba. Gwiwa ba ta tashi sama, saboda zane. Hannu ɗaya na riƙe da gefen samira, ɗayan na tattare da bakin zane. In kin zo falanki ki taka tsakiyarsa sau ɗaya kawai, kafin ya lanƙwasa kin bar shi. Manja ba ya rufa asiri: ɗigo ɗaya a ɗankwali, Inna ta san an yi tuntuɓe. Ban taɓa kawo mata ɗankwali da tabo ba.

Amma babu wanda ya taɓa kiran abin da nake yi gudu. Aike ne. Matan unguwa sukan ce, "Yarinyar nan ba ta wasa a hanya." Baba ya buɗe samira, tururi ya tashi, ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Gudu na maza ne, su da langa da ƙwallon tsumma a filin bayan masallaci. Yaron da jifansa bai kai ba a ce ya yi jifan mata. Wanda aka bari a baya a ce, "Ɗaura zane kawai ka huta." Kakata, mahaifiyar Baba, wadda ta zo daga Arewa tun tana amarya ba ta kuma koma ba, in ta ga na shigo ina haki takan ce, "Ke, mene ne? Gobara ko kare? Mace ba ta gudu sai wani abu ya biyo ta." Tana faɗa tana miƙo min ruwa. Ban taɓa jin zafin maganar ba a lokacin, kamar yadda ba a jin nauyin gammo.

A lekol, ranar wasanni, mu 'ya'yan Hausawa mata ƙarƙashin mangwaro muke zama muna gadin takalman sauran. Ba wanda ya kafa dokar, haka aka tarar. Daga nan nake kallon wata yarinya 'yar ajinmu, doguwa, uwarta na gasa kifi a bakin hanya. Ita ce gwanar gudu ta makarantar. Takan tattare siket ta zuba da gudu hannu biyu a sake, kai a gaba, ba komai a kansa. Abin da nake kallo ke nan, ba saurinta ba. Kan nan da ba komai a kai. Nakan tambayi kaina yadda iska take ji a wurin.

Malaminmu, da muke kira Metir, mutumin kudu ne, mai keke da farar riga. Wata rana da tsakar rana yana tafe a kan kekensa a gefen layin dogo, sai na wuce shi da samira a ka. Ban ma lura da shi ba. Washegari ya tsayar da darasi, ya nuna ni da alli, ya gaya wa aji da Faransanci cewa jiya Bahaushiya ta wuce kekensa da tukunya a ka. Ya juya wajen 'yar mai gasa kifi ya ce, "Ke kuma ki shirya, kin samu wadda za ta sa ki zufa." Akwai gasar makarantu ranar Asabar mai zuwa a filin wasa na Akwa, kowace makaranta za ta kai mata biyu. Ya ce mu ne. Da aka tashi ta tare ni a ƙofa, ta dube ni sama da ƙasa, ta kira ni Bahaushiya da Faransanci, ta ce, "La Haoussa, gobe in kin ɗauko tukunyar ki ajiye ta mu gwada." Na ce abincin Baba ba a ajiye shi a ƙasa. Ta ce to sai Asabar. Na ce sai Asabar. A ranar na san abin da nake so, kuma ban taɓa son wani abu haka ba: in tsaya a kan layi kusa da ita, hannu biyu a sake, in ga abin da ƙafafuna za su yi in ba a ɗora min komai ba.

Saura izinin Baba. Metir ya ce shi zai je da kansa. Mutum ne mai alfahari da Hausarsa, wadda ya tsinta a wajen masu tsire da masu gyaran takalmi, kuma ya ɗauka girmamawa ce ya yi wa dattijo magana da harshensa. Ya zo bayan La'asar, lokacin da Baba ke zaune a kan tabarma a ƙofar gida tare da Kawu, ƙanen Inna, da wani mahauci abokinsa, da dattawa biyu na masallaci. Ni ina bayan ƙyaure, ido a kan tsagar katako.

Ya jingine keke, ya cire hula, ya yi gaisuwa har da "ina gajiya", dattawan suka ji daɗi. Sannan ya gyara murya.

"Alhaji, 'yarka ta gudu."

Baba ya ajiye carbi. "Wace?"

"Wadda take ajina. Ta gudu sosai. Ni na gani da idona."

Kawu ya leƙo cikin gida, muka haɗa ido ta tsagar ƙyaure. Ya ce, "Ga ta nan a ciki, Malam."

"E, yau tana nan," in ji Metir yana murmushi. "Asabar za ta gudu. Za ta gudu da ni."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Inna lillahi." Kawu ya miƙe tsaye, yana naɗe hannun riga.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Da kai. Zuwa ina?"

"Akwa. Ba nisa. Ni zan biya mota."

"Kuma ka zo ka gaya min."

"Dole, Alhaji! Kai ne baba. Ita tana so, ni ina so, saura kai."

Allah ne ya kawo ɗan maƙwabcinmu a daidai lokacin, wanda ke aikin akawu a tashar jiragen ruwa, yana dawowa daga ofis. Ya ga Kawu ya riƙe kan keken, ya shiga tsakani, ya yi wa Metir tambaya da Faransanci. Metir ya amsa, akawun ya dafe kai. Ya juyo ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, ba abin da kuka ji ba ne. Tsere yake nufi."

"To ai shi muke faɗa!" in ji Kawu. "Ta tsere da shi!"

"A'a, Kawu, tsere na 'yan makaranta. A ja layi, a busa usur, a ga wa zai riga. Gasa ce."

Mahaucin ya ce, "Gasa kuma? In gasa ce ai ni ya kamata a zo wa, ba Alhaji ba."

Dariya ta ɓarke. Dattijon da ya yi salati har da share hawaye. Kawu ya saki keke, ya kakkaɓe sirdin da hannunsa. Aka kawo wa Metir ruwa da goro, akawun ya fassara masa abin da ya faɗa, na ga baƙin mutum ya koma toka-toka don kunya. Baba ya ce masa ya gode, zai yi shawara. Ni kuwa a bayan ƙyaure na ɗauka an gama, tunda an yi dariya.

Abin da ban sani ba shi ne maƙwabciyarmu ta jikin bango ta ji rabin farko, ta yafa mayafi ta fita kafin rabin ƙarshe. Ba don mugunta ba, hankalinta ne ya tashi, ta je neman yayar Baba. Kafin Magariba Gwaggo ta iso tana salati tun daga bakin layi. Washegari a layin famfo mata suka yi shiru da na ajiye bokiti. Wata ta ce wa ta kusa da ita, ba ta ko rage murya ba, "Dama duk saurin nan ai da dalili." Inna ta bi gidaje tana bayani. Kowa ya ce, "Ayya, ashe haka ne," amma bayanin bai yi saurin labarin ba, kuma bai kai shi daɗi ba.

Na samu Baba shi kaɗai bayan ya dawo daga kasuwa, na durƙusa. Ban saba roƙonsa komai ba.

"Baba, ka ji dai abin da Metir yake nufi."

"Na ji. Mutumin kirki ne. Hausarsa ce ba ta da kirki."

"To in je?"

Ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa aka sa min, haka yake kirana, "na san kina da sauri. Ni nake cin abincin. Da ƙanenki ne aka ce ya gudu, kowa zai tambaya, daga wa, malamin allo? A yi dariya a wuce. Ke da aka ce kin gudu, kin ji wanda ya tambayi daga wa? Da wa suka tambaya. Yanzu in Asabar ta yi aka gan ki a mota ke da shi, ni zan bi layin nan ƙofa-ƙofa ina cewa a lura, ta yi gudu ne, ba ta gudu ba?"

"Kawu ya raka ni."

"Sai a ce an bi ki an kamo ki."

Na ce, "Sau ɗaya ne, Baba."

Ya ce, "Lekol ɗinki ban taɓa ba, kuma ba zan taɓa ba, ko Gwaggonki za ta kwana nan tana magana. Wannan ki bar min."

Ranar Asabar Inna ta ba ni tsintar shinkafa. Na zauna a tsakar gida da faifai a cinya, tsakuwa na tsalle saboda ƙafata ta ƙi tsayawa. Kaka ta ce, "Daina kaɗa ƙafar nan, ba kyau ga mace." Ƙofa a buɗe take. Na san hanyar Akwa, na kuma san babu mai iya kamo ni a duk layin in na fita. Na yi ta kallon ƙofar har rana ta take. Abin da ya zaunar da ni ba tsoron duka ba ne. Na gane cewa in na fita, babu wata kalma da za ta rage a bakin kowa sai waccan, kuma a wannan karon gaskiya za su faɗa. Daga makon nan aka mayar da kai abinci hannun ƙanena. Baba ya koma cin shinkafa mai ɗumi-ɗumi, bai taɓa yin ƙorafi ba. Ran Litinin aka tara mu a filin makaranta aka ɗaga hannun 'yar mai gasa kifi, ita ta zo ta ɗaya. Ta wuce ta gabana ta tafi. Ƙarshen shekara kowa ya kama hanyarsa.

Baba ya cika alkawari, na yi karatu, na ƙare a gidan rediyo ina karanta labarai da Hausa. A can aka goge min Hausar New Bell, aka koya min ta littafi, aka koya min cewa sauti ɗaya in ya karkace ma'ana ta tafi. Wataƙila shi ya sa kunnena ya ƙi hutawa har yau. Abokan aikina masu labarin wasanni, in mace ta yi abin a yaba, sai su ce ta yi namijin ƙoƙari. Na taɓa tambayar shugaban sashenmu yadda ake cewa in namiji ya yi ƙoƙari irin na mata. Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce, "Hajiya, ai wannan zagi ne." Ya faɗi daidai, bai kuma ji abin da ya faɗa ba.

Kwanakin baya na fito daga wurin likitan ƙashi a Akwa, ina tsaye a bakin titi ina jiran taksi, sai na ji an ce a bayana, "La Haoussa." Na juya. Tsohuwa ce doguwa, ta ɗan ranƙwafa, da sanda irin tawa. Ban gane fuskar ba, tsayin na gane. Muka rungume juna, muka tambayi 'ya'ya da jikoki da waɗanda suka mutu. Ta ce a unguwar Deïdo take zaune yanzu, ni ma can za ni gaisuwar rasuwa. Sai ta ja baya ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da Faransanci:

"Ke kin san kin ɓata min nasarata?"

"Ni da ban je ba?"

"Shi ne ai. Duk wanda ya taya ni murna sai ya ƙara da cewa, ashe Bahaushiyar ba ta zo ba. Metir ma haka ya ce. Uwata ma, da ba ta taɓa ganinki ba. Na girma, na yi aure, na haihu, ban san ko ni ce ta ɗaya ba ko ta biyu."

Na ce, "Ta biyu ce."

"Ji bakinta! Da wace shaida? Keken Metir? Keken da sarƙarsa ke zamewa?"

"Da na zo da kin ga bayana."

"Da kin zo da kin sha ƙurata, 'yar aike kawai."

Taksi ya tsaya can gaba da mu kaɗan, direba ya leƙo yana kiran Deïdo, kujerar gaba babu kowa. Na dube ta, ta dube ni. Na ji sandata ta bugi ƙasa kafin in yi niyya. Abin da muka yi ba zan kira shi gudu a gaban makirfo ba, amma gwiwata ta san ba tafiya ba ce. Ina jin hakinta a kafaɗata, mayafina ya zame ban tsaya gyarawa ba, wani mai bensikin ya ratsa tsakaninmu yana zagi, muka kewaye shi ita ta hagu ni ta dama. Hannu biyu suka sauka a kan ƙofar taksin.

"Ni ce!" in ji ta.

"Ƙarya kike, hannuna ne a kan mariƙi."

"Nawa ya riga taɓa ƙarfe!"

Muka sunkuya tare ta taga, muna haki, kowace ta riƙe ƙirji. Ta ce wa direban, "Ɗana, kai ne alƙali. Tsakani da Allah, wa ya riga?"

Yaron ya ɗago daga wayarsa, ya dube ta, ya dube ni.

Ya ce, "Mama, ku yi haƙuri. Ban kalla ba."